Bitar Zaman Inuwa

Tun da itatuwa suka ƙare, duk shekara ake tara malaman muhalli a ƙarƙashin bishiyar roba a yi musu bita. Bana darasin shi ne koya wa yara zaman inuwa.

Kafin Malama Kande ta shimfiɗa tabarmarta, sai ta ɗaga kai ta dubi rassan.

Sagir, mai ba da horon, ya ce, "Inna, me kike dubawa?"

"Tsuntsaye, ɗana. Da can sukan ɓata wa mutum riga."

"Ki daina. Yara za su ce ki nuna musu."

Ta sake shimfiɗawa, kanta a sunkuye. Har ta isa gida mayafinta fes yake, kuma abin da ya sa ta kuka ke nan.