Rantsuwar Tsohon Likita

Tsohon Likita ya iso hawa na biyu na asibiti bayan ya tsaya ya gaisa da duk wanda ya gamu da shi a matakala, wani sabon ladabi da ya tsiro da shi bana. Autarsa ce ta kira shi.

Ita Auta ba ta riƙe wuƙar tiyata. Aikinta ta ɗauki hoton zuciyar mutum, ta gina irinta a kwamfuta, ta saki jini a ciki a ga inda yake tangarɗa. Uban kuwa, da ya tsufa yana buɗe ƙirazan mutane, wasan yara yake kiran abin. Ko ranar da ta kwashi mutanen gida aka gwada sabuwar na'urar hoto da su, da tsaki ya je, da tsaki ya dawo.

Yau ga wata zuciya tana bugawa a fuskar kwamfuta. Jini ya fita, sai rabinsa ya komo ta wata ƙofa da ta ƙi rufuwa, ya tsaya yana juyi kamar baƙon da ya rasa masauki. Tsoho ya gyara tabarau. Murmushin raini ya bar fuskarsa.

"Mai wannan ba zai ga baɗi ba in ba a canza ƙofar nan ba. Me ake jira?"

"Ba ya jin magana, Baba. Ni kuma nauyinsa nake ji."

Ya dube ta, ta sunkuyar da kai.

"Af! Mijin nan naki ne ko? Na faɗa! Mutum sai tumbi, sai gardama."

Likitoci biyu da ya koyar suka matso, suna cije leɓe.

"To ku shaida," in ji tsoho, yana dukan tebur. "Wallahi tallahi, yau mai wannan zuciya zai kwanta a asibitin nan, ko da igiya za a ɗaure shi!"

Kowa ya san ko zai mutu ba ya karya rantsuwarsa. Auta ta share ido, ta buɗe ƙofar ofis.

Surukin nasa ne a tsaye, lafiyarsa lau, yana sosa ƙeya, riƙe da jakar kayan tsohon, har da butarsa da darduma.