Motar Kai Amarya

Kai da kake cewa sai komai ya kammala sannan za ka cika wa iyalinka alkawari, gyara zama ka ji abin da ya sami wani makanike.

A wani gari mai tashar jirgin ƙasa, zamanin da gyaɗa ke da daraja, an yi wani saurayi mai gyaran jikin mota. Ranar da aka kawo masa amarya, a bayan motar buhunan gyaɗa aka ɗauko ta, ita da ƙawayenta da kwanukanta, kowacce ta sauko da ɓawo a gyale. Suna hanya sai motar wani attajiri ta wuce su da tasa amaryar. Doguwar motar Amurka ce, shuɗiya kamar sama bayan ruwa ya ɗauke, an naɗe rufinta baya, ga wasu fikafikai biyu a ƙarshenta, tana tafiya a hankali ba ko girgiza. Amaryar makanike ta ɗaga lulluɓi ta bi ta da ido har ta ɓace. Da ta ba mijin labari, cikin dariya ta ba shi, amma shi abin ya tsaya masa a rai. Ya ce, "Wallahi sai na sake kawo ki gidan nan a cikin motar nan." Tun daga ranar bai ƙara kiran ta da wani suna ba sai Amarya.

Shekara ashirin da 'yan kai suka wuce. Attajiri ya rasu, kasuwar gyaɗa ta mutu, makanike ya tarar da motar a bayan gidan magada, tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji na ƙwai a kujerar baya. Magada suka ce ya taimaka ya kwashe musu tarkace. Ya sa aka ja ta da igiya zuwa rumfar ƙofar gidansa, ya duƙufa. Ya kankare tsatsa, ya miƙar da kowace lanƙwasa da ƙaramar guduma, yana bi da tafin hannu idonsa a rufe. Dukawa suka ɗinka mata kujeru da jar fata mai laushi. Ƙarfen gabanta ya sha gogewa har mai wucewa kan tsaya ya gyara hula a jikinsa. Ranar da injin ya tashi, da wata murya ƙasa-ƙasa ya tashi, irin ta tsohon da ya farka daga barci mai daɗi.

Da la'asar sakaliya matar kan fito da faifanta ta zauna a kujerar baya tana tsince shinkafa. Can sai ta lumshe ido ta fara zayyana masa hanya: daga ƙofar gidan mahaifinta, su bi ta gindin kukar kasuwa, su hau gada, iska na kaɗa mata gyale, ƙawayenta da suka rage suna guɗa. Shi kuwa yana riƙe da sitiyari yana murmushi, furfura ta cika masa gemu. Sun yi wannan tafiya ta fi sau dubu, mota ba ta gusa ko taku ɗaya ba.

Aka ƙara kwashe shekaru kusan ashirin a haka, abu guda ya rage, jar fitilar baya ta hagu. Ya ba direbobin dogon zango saƙo, Legas, Kwatano, duk inda aka ce akwai matacciyar mota irinta. Matar takan ce, "Malam, ni fa gaba zan duba. Ina ruwana da fitilar baya?" Sai ya ce, "Haba Amarya, a ce makaniken garin nan ya fito da mota da giɓi? Ki ƙara haƙuri, saura ƙiris." Ni dai abin da na gani a nan girman kan mai sana'a ne. Ya fi jin kunyar idon 'yan'uwansa makanikai a kan ta matar da ta yi shekara arba'in tana jira.

Wata safiya cikin damina, bayan Amarya ta yi zazzaɓin kwana biyu, Allah ya karɓi abarsa. Maƙabarta tana can hayin gada, motar da unguwa ta saba ɗauka don kai gawa kuma ta tafi cin kasuwar ƙauye. Bayan an yi salla, liman ya dubi rumfa ya ce, "Mamaci ba ya jira. Ga mota nan." Aka ɗora makara a kan jajayen kujerun. Sau ɗaya makanike ya murɗa makulli ta tashi. Hanyar maƙabarta kuwa ita ce ta bi ta ƙofar gidan mahaifinta, ta gindin kuka, ta kan gada. Iska ta riƙa ɗaga bakin mayafin da aka rufa mata, mutane na tsayawa suna addu'a, shi yana tuƙi a hankali hawaye na jiƙa masa gemu. Daga gida har bakin kabari, babu mutum ɗaya da ya lura da giɓin fitila.

Bayan sati biyu wani direba ya kawo masa fitilar a naɗe cikin jarida, yana ta murna. Tsohon ya karɓa ya yi godiya, ya ajiye ta a kujerar baya, daidai inda faifanta kan zauna, bai taɓa kwance ta ba.

Shi ya sa Bahaushe ya ce, garin neman gira an rasa ido.