Maƙiyin Habila

Tun da aka soke sunaye a katin shaida, ana rubuta mutum ne da matsayinsa a wurin wani. Wanda ba shi da kowa, asibiti ba ya karɓarsa.

Katin Malam Bitrus, tsohon mai wa'azi, yana cewa "Uban Ishaya". Ishaya ya rasu a watan jiya.

"Baba, babu uba sai da ɗa," in ji ma'aikaciyar ofishin katin. "Ku kuka koya mana a ajin baftisma."

"A kan Allah na faɗa, Rifkatu, ba a kaina ba."

"Na'urar ba ta bambancewa. Wa ya rage muku?"

Mutum ɗaya ne: Habila, wanda suka shekara ashirin ba sa gaisawa saboda iyakar gona. Dokar tana karɓar gaba a matsayin dangantaka.

Aka kira shi. Rifkatu ta ce wa Habila, "Har yanzu kuna ƙinsa? In kun yafe, sabuwar abota sai ta shekara goma take shiga kati."

Habila ya yafe tun ranar jana'izar Ishaya. Ya dubi ƙasa ya ce, "Ko ganinsa ba na so."

Ta buga "Maƙiyin Habila". A bakin matakala Habila ya waiga, ya ga ba mai kallo, sannan ya kama hannun tsohon.