Makahon da Ya Kashe Muryar Kwamfutarsa

Kai da kake cewa ba za ka iya tsayar da aiki ba ko na ɗan lokaci don a duba inda yake ciwo, gyara zama in ba ka wani misali.

An yi wani makaho da ke aiki a wani ƙaramin gidan rediyo. Shi ke karɓar sanarwar jama'a ya tsara ta a kwamfuta kafin a karanta: ɗaurin aure, suna, cigiya, rasuwa. Idonsa a wurin aikin nan wata murya ce da ke cikin kwamfutar, wadda ke karanta masa duk abin da ke rubuce ta abin sauraron da yake maƙalawa a kunne. Da wannan murya ya yi shekara da shekaru bai taɓa ce wa wani zo ka duba mini ba, kuma abin alfaharinsa ke nan, don tun ranar da aka ɗauke shi akwai masu jiran su ga ya gaza. Kwatsam sai muryar ta soma ciwo. Ta yi in'ina, ta sarƙe, ta haɗiye magana ta wuce kamar ba a yi komai ba. Wata rana ta haɗiye masa layi guda a sanarwar rasuwar wani dattijo, layin da ke cewa a ƙauyensu za a yi jana'iza. Mutane suka taru a ƙofar gidansa na cikin gari, aka binne shi a can ba su nan. Ɗan mamacin ya zo har gidan rediyon. Bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi abokan mahaifinsa ba su samu sallatarsa ba. Wallahi da zagi ya yi, da ya fi wa makahon sauƙi. Shugaban wurin kuma ya ce in aka sake, mai ido zai zauna a kujerar.

Sai makahon ya buga waya ga wata mai gyaran kwamfuta da suka yi makaranta tare, tana wani gari mai nisa. Ta bayyana masa cewa a cikin kwamfutar akwai wata manhaja da ke tattara duk wani sauti ta haɗa shi kafin ta miƙa wa kunne, kamar ɗan kamasho a tasha da ke tara fasinja ya loda wa mota. In tafiya ta lalace, ba a sanin laifin mota ne ko na ɗan kamasho sai an ce masa ya koma gefe. Ba cire manhajar za a yi ba, kwantar da ita za a yi na ɗan lokaci, a tura sauti kai tsaye a ji. Matsalar ita ce, muryar da ke yi masa karatu ma ta nan take bi.

"Malama, kin san abin da kike ce mini kuwa? In na kashe ta, na makance sau biyu ke nan."

Ya ƙi. Ya canza abin sauraro, ya canza waya, ya ƙara ƙarfin murya, sai in'inar ma ta ƙara ƙarfi. Yana ta wannan kame-kame sai ga wata sanarwar rasuwa. Ya saurara, ya sake saurara, kowane karo abin da ya ji daban. Nan tsoro na gaskiya ya kama shi, don ya gane muryar da yake gudun ya rasa ta riga ta daina yi masa amfani. Ya sake kiran matar. Ta faɗa masa umarnin da zai rubuta wa kwamfutar, ya haddace, har da wanda zai hana manhajar tashi da kanta, don ta ce in ba haka ba kana kwantar da ita take miƙewa. Ya yi bisimilla, ya danna.

Shiru ya sauka. Yana buga haruffa babu mai maimaita masa, bai san ko yatsarsa ta kuskure ba. Abokan aikinsa masu ido suna ɗaki na gaba, kira ɗaya zai yi, amma ya cije ya gama rubuta abin da ya haddace. Sai ga ƙarar gwajin da ya tura kai tsaye ta fito tar a kunnen hagu, ta koma na dama, babu sarƙewa ko kaɗan. Ashe motar lafiyarta lau, ɗan kamashon ne ya rikice. Ya goge tsohon saitin manhajar kamar yadda aka koya masa, ya tashe ta. Muryar ta dawo. Abu na farko da ta karanta masa shi ne sanarwar nan: sunan mamaciyar, sunan unguwarsu, lokacin da za a yi mata salla, babu abin da ta haɗiye. Ya share hawayensa, ya miƙa aka karanta, kuma duk wanda ya ji ya yi niyya ya samu jana'izar.

To ka ji. Da ya ci gaba da gudun shirun nan, da kujerarsa ta tafi, da wata gawar ma ta rasa masu sallatarta. Shi ya sa Hausawa ke cewa, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.