Minti Goma Sha Huɗu

"Ki duba mini agogo," in ji maigidana, sannan ya taka totur. Motar ta zabura nan take, babu jinkirin da tsohon turbo, abin ƙara wa inji ƙarfi, yake yi kafin ya kama.

Wata takwas ya shafe a kan wannan aiki. Sau uku yana sauya turbo, domin babba yana da ƙarfi amma yana da nawa, ƙarami kuma ba ya ja a tudu. Tun da ya fara, ba na ganinsa sai a ƙarƙashin bonet.

Bai tsaya ba sai a ƙofar asibiti.

"Nawa?"

"Minti goma sha huɗu."

Ya kifa goshinsa a kan sitiyari. "Ranar da muka kawo Auta, ashirin da biyu muka yi. Sakacina ne, Maman Auta. Da na gyara motar nan, da yarinyar tana raye."

Akwai abin da ban taɓa faɗa masa ba. A kan cinyata 'yarmu take a ranar, kuma Allah Ya karɓi abinsa tun kafin mu bar layinmu. Na rufe mata fuska da mayafina, na ci gaba da ce masa, "Yi sauri."