Ƙarfen Kan Soron Laminu

Sanda ta uku ce ta fasa wa Laminu baki. Ya faɗi a ƙofar gidansa a Zango, jini na zuba a rigarsa, mutanen unguwa sun kewaye shi da sanduna.

"Kai ka ɗaure mana ruwa!" in ji Bukari mahauci, yana nuna dogon ƙarfen da ke kan soro. "Kullum hadari ya haɗu, sai ƙarfen nan ya kore shi. Hatsi na ƙonewa a gona!"

Laminu ya koyi aikin lantarki da radiyo a sojan Faransa. Tun da ya dawo Damagaram a 1955, yake ɗaura wayoyi a soro, yana sauraron ƙarar da rana ke aikowa ta akwatin radiyo, yana rubutawa a takardu.

"Ku fasa akwatin, ku ƙone takardun," ya ce da ƙyar. "Amma don Allah, Bukari, kada ka taɓa wayar da ta shiga ƙasa."

"Kun ji ko? Nan asirin yake!"

Bukari ya haye soron, ya sare wayar da adda. Ya tumɓuke ƙarfen, ya ɗaga shi sama. Gabas ta yi baƙi, yayyafi ya fara. Jama'a suka ɗau kabbara.

Sai haske ya dallare su, ƙara ta girgiza unguwa. Bukari ya faɗo gaban Laminu, rigarsa na hayaƙi.

Laminu ya rarrafa, ya rufe masa ido.

"Shekara uku," ya ce, "duk tsawar da ta nufo gidajenku, wayar nan ke kai ta ƙasa."