Kifin da Karamci Ya Kusa Kashewa

Ɗan ƙaramin kifi ne shuɗi, mai jela baza-baza kamar gefen mayafi. Baba direba ne a hanyar Gwaram zuwa Kano, can ya sayo mini shi a cikin kwalba. A gidanmu na Fagam, Baƙo muke ce masa.

Wata Juma'a bayan la'asar na tarar gefen jelarsa ya yi baƙi, yana zaizayewa kamar tsumma. Ruwan ya gurɓace, sai tsami yake yi. Na ruga wurin Baba da kwalbar ina kuka.

Baba ya shinshina ruwan, ya tambayi wa ke ba shi abinci. Na ce ina gutsura masa tuwo. Inna ta ce ita dai ƙosai take sa masa da safe. Kakata ta ce, "To, a bar baƙo da yunwa a gidana? Fura ce, 'yar kaɗan."

Baba ya yi dariya har da hawaye. Ya wanke kwalbar, ya zuba ruwa mai tsabta, ya barbaɗa gishiri da yatsu biyu. Ya ce, "Kullum a canza masa ruwa, jelar za ta sake fitowa. Karamci ne ya yi masa yawa."

Ta kuwa fito.

Yau ni ke cika wa baƙi kwano. Idan wani ya ce, "Ya isa, Hajiya," sai in ji tsamin ruwan nan a hancina, in yi murmushi, in ƙara masa ludayi ɗaya.